Wayata tana mini dariya, kuma wurin da na buɗe jiya ya ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne nan babbar kasuwar Maradi, hatsi da wake nike saidawa. Yarona ya sawo mini sabuwar portabul, ya nuna mini inda ake duba canjin naira da sefa, amma duk sanda na koma ba na ganin wurin, sai na jira ya taso daga lakkol. Kuma yanzu can sama kusa da inda ake rubutu akwai wani abu haka :D kamar yana dariya, wani ya ce mini cuta ce ta shiga wayar. Gaskiya ne? Wayar ma ta yi nauyi.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Kwantar da hankalinka, ba cuta ba ce, wanda ya faɗa maka hakan bai sani ba ne kawai. Tun da ka ce :D na gane Chrome kake aiki da shi, wancan mai zagaye ja da kore da rawaya, na kamfanin Google ne tun 2008 kuma kusan duk wayar Android da shi take zuwa. Shi da su Opera Mini da Firefox da Safari na masu iPhone aikinsu ɗaya, su ɗauko maka shafi daga intanet su shimfiɗa maka a gabanka, mu nan nabigater muke ce musu, mutanen Najeriya su ce burauza.

To wannan ɗan akwatin da ke dariya, asalinsa lamba ce ke cikinsa. Yana ƙidaya shafukan da ka buɗe ba ka rufe ba, kowane ɗaya sunansa ongile. Ka buɗe uku zai rubuta 3, ka buɗe arba'in ya rubuta 40, in suka wuce 99 wuri ya ƙare masa sai ya sa wannan fuskar, wasa ne na waɗanda suka ƙera shi. Kuma ba laifinka ba ne, duk adireshin da aka turo maka ta WhatsApp ka taɓa, sau da yawa sabon ongile yake buɗewa, kamar yaron shago da ke kwance bakin sabon buhu duk sanda mai saye ya zo alhali ga na jiya nan a buɗe. Ka taɓa akwatin za ka gansu jere kamar hotuna, kowane da ɗan x a kusurwa. Kada ka zauna rufe su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama a dama, akwai inda aka rubuta Fermer tous les onglets, shi ke nan duk sun tafi. Ba zan yi maka alkawarin wayar za ta koma tana gudu ba fa, nauyin waya galibi bidiyoyin WhatsApp ne da suka cika ta, amma dai za ta ɗan sarara.

Sai dai kafin ka rufe, mu gama da maganar shafinka, don ita ce ta fi. Ka taɓa ɗigo uku, ka shiga Historique, nan ne wayar ke ajiye sawun duk inda ka taka, na yau a sama na jiya a ƙasa, ka gangara har ka ga sunan wurin canjin ka taɓa. Da ya buɗe ka sake taɓa ɗigo uku, a layin farko akwai tauraro, taɓa shi ya cika, to ka ɗaure shi ke nan, gobe za ka same shi cikin Favoris. Amma ni in ka bi tawa Baba, mutum irinka da abu ɗaya yake dubawa kullum da safe, bar ma tauraron, ka nemi Ajouter à l'écran d'accueil a cikin wannan jerin, shafin zai fito a fuskar waya kusa da WhatsApp da ɗan hotonsa, taɓawa ɗaya ka shiga, ba jiran kowa. In ka ga farashin kamar na jiya ne, sa yatsa ka ja shafin ƙasa ka saki, zai ɗauko sabo. Kibiyar da ke kallon ƙasa kusa da tauraron kuma telesharje take yi, ta ajiye maka shafin ka karanta ko ba rezo, ko kana can wajen Dan Isa rezo na yi yana ɗaukewa, amma kar ka yi wannan da farashi, abin da ta ajiye ba ya canzawa.

Abin da ya kamata ka ji tsoro ba fuskar dariya ba ce, wani ɗan saƙo ne da ke faɗowa yana tambaya Autoriser ko Bloquer. Watan jiya wani dattijo ya kawo mini wayarsa shago, minti biyu ba ta yi shiru, sai ƙit ƙit, wai ya ci kyautar miliyan, wai wayarsa ta kamu da cuta goma sha uku ya taɓa nan a wanke, har ya kusa biyan wani jika biyar a goge masa komai da hotunan jikokinsa. Da na duba ashe wasu shafuka huɗu ya ba izini suna turo masa talla. Ɗigo uku, Paramètres, Paramètres des sites, Notifications, na toshe su, ko dala ban karɓa ba. Don haka in ba ka san wuri ba, Bloquer. Kuma duk shafin da ya ce sa lambar sirrin kuɗinka, ɗaga ido ka karanta adireshin da ke sama harafi harafi, masu damfara kan canza harafi ɗaya ne tak. Na hukumomin Nijar da yawa da .ne suke ƙarewa, na Najeriya .ng, in ka ga wani dogon abu mai lambobi barkatai ka fita.

In faransancin ne ke ba ka wuya, a ɗigo ukun nan dai akwai Traduire, ka zaɓi Hausa, tun 2013 Google ke fassara da ita. Hausar tasa wani lokacin sai ka yi dariya kai ma, amma lambobin canji dai ba ya taɓa su.