Ina so in mayar da gidan kallon ƙwallona gidan majigi

Wani ɗan kasuwa daga Wudil ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, ina da gidan kallon ƙwallo mai ɗaukar mutum 120, kuma ina taɓa harkar hatsi. Na kwashi adashi na haɗa da ribar kaka, yanzu ina da naira miliyan 3 a hannu. Ina so in sayi majigi da manyan lasifikoki da sabon janareta, in riƙa haska fina-finan Hausa a ranakun da babu wasa, ranar kasuwa kuma in zaga ƙauyukan da ke kusa. Ko harkar za ta fitar da ni?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a neman. Harkar tana iya fitar da kai, amma ba ta hanyar da ka tsara ba. Ka fara lissafi daga kayan aiki, alhali su ne ya kamata su zo a ƙarshe. Kada ka taɓa miliyan ukun nan tukuna.

Ka fara tambayar kanka me zai sa mutum ya baro gidansa ya biya kuɗin ƙofa. Mai kallon ƙwallo yana zuwa wurinka ne saboda wasan kai-tsaye ne, idan ya wuce ya wuce, ga kuma daɗin musu da ihun jama'a. Fim ba haka yake ba. Yaron da kake sa ran zai sayi tikiti yana da waya a aljihu, masu tura fina-finai suna cika masa ita da ɗan kuɗi kaɗan, shirye-shirye masu dogon zango suna fitowa a YouTube duk mako, ga Arewa24 da ke cikin gidaje tun 2014. Wannan ne ya kashe kasuwar faifan CD da ta riƙe Kannywood shekaru da dama. Idan tsohon fim za ka haska, ka shiga takara da abin da mutane ke samu kusan kyauta, kuma ba za ka ci ba. Abu biyu kaɗai kake da su na sayarwa: fim ɗin da bai riga ya shiga waya ba, da kuma taron kansa, wato fita da ado da haɗuwa da ganin jarumi ido da ido.

Wannan ya kawo mu ga inda yawancin masu irin niyyarka suke tuntuɓe. Sayen fim don ka kalla a ɗakinka daban, haska shi ga jama'a ka karɓi kuɗi daban. Na biyun yana buƙatar izinin mai fim, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayan furodusa idan ya kai ƙara. Ko babu kotu, ba na so ka gina sana'a a kan gumin wani, domin satar fasaha ce ta durƙusar da mutanen da kake so ka ci abinci da aikinsu. Ka shiga Kano, ka bi ofisoshin masu shirya fina-finai na titin gidan Zoo, ko ka nemi ƙungiyarsu ta MOPPAN ta haɗa ka da furodusan da ke da sabon aiki a hannu. Da yawa cikinsu suna neman inda za su haska fim kafin su sake shi, saboda wuraren haskawa sun yi ƙaranci, kuma sinimar zamani ta cikin birni ba ta talakan karkara ba ce, ga nisa ga tsada. Ka nemi ku yi raba-daidai ko wani kaso a kan abin da aka samu a ƙofa, kada ka yarda ka biya dunƙulen kuɗi tun kafin ka san yawan mutanen da za su zo. A rubuta, da shaidu: kwana nawa, a wane gari, wa ke riƙe da tikiti, kuma furodusa ya yi alkawarin ba zai saki fim ɗin a intanet ba sai kwanakinka sun cika. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ran yarjejeniyar. Shi ma zai ji tsoron kada wani ya ɗauke fim ɗin da waya a cikin zaurenka, don haka ka yarda yaronsa ya zo da fim ɗin ya koma da shi, ka kuma sa masu lura a cikin 'yan kallo.

Sai maganar hukuma da mutanen gari, kuma a jihar Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnati ta dakatar da shirya fina-finai da haska su, sai a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i aka ci gaba a ƙarƙashin ƙa'idojinta. Ita ke kula da gidajen kallo, don haka ka je ka bayyana musu cewa za ka ƙara haska fim, ka ji abin da ake buƙata, kuma kada ka haska fim ɗin da ba shi da shaidar tacewa. Akwai kuma hukumar tace fina-finai ta tarayya mai ba masu haskawa lasisi. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Ka tuna a 2016 gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka ƙi, aka fasa. Idan gwamnati da ƙarfinta ta janye, ina ga kai? Tsofaffin sinimomi irin su Plaza da Orion da Eldorado sun bar wa iyayenmu wani tunani, cewa gidan sinima ba wurin ɗan mutunci ba ne, kuma tunanin bai gushe ba. Majigi kuwa tarihinsa daban ne. Tun zamanin Turawa a fili ake kafa shi, sau da yawa a ƙofar gidan sarki ko hakimi, manya da yara su fito. Ka jingina da wannan tarihin. Ka gaida mai unguwa da dagaci da limami da 'yan Hisba kafin ka buga ko da takardar talla ɗaya, ka gaya musu sunan fim ɗin, ka gayyace su su gani. Ka tsayar da lokaci yadda ba zai ci sallah ba, ka tashi da wuri.

Ni a ganina kasuwarka mafi girma ba samarin da ka saba da su ba ne. Mata ne suka fi kowa bin fina-finan Hausa, kuma su ne ba su da wurin zuwa. Zauren da aka share, da rana, mata zalla da yaransu, mace ce a ƙofa, mace ce ke sayar da abin taɓawa, wannan abu ne da magidanci zai iya amincewa da shi. Sai dai gidan ƙwallo yana da sunansa a gari, ba kowace mace za ta taka shi ba. Mai yiwuwa hayar ɗakin taro ko harabar makaranta mai zaman kanta a ranar da ba karatu ta fi maka. Ɗaliban jami'ar da ke nan Wudil su ma kasuwa ce ta daban, da irin fim ɗin da suke so.

Yanzu mu yi lissafi, ka sa naka farashin a inda na sa nawa. A ce tikiti naira 500 ne. Zaure ya cika maƙil, ka tashi da 60,000. Amma kada ka taɓa yin lissafi da cikakken zaure, yi da rabi: 30,000. Furodusa ya ɗauki rabinsa, saura 15,000. Daga ciki za ka sayi fetur, wanda ka fi ni sanin yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ka sallami yaran ƙofa da mai shela. Abin da ya rage, sau nawa za ka tara shi kafin miliyan 3 ta dawo? Kuma ba kullum ake yi ba. Asabar da Lahadi na ƙwallo ne, Talata da Laraba na gasar zakarun Turai ne idan ana yi. Azumi wata guda ne na tafsiri da asham. Hutun ƙwallo na Yuni da Yuli, da kake ganin dama ce, ya faɗo cikin damina, lokacin da kuɗin manomi ke gona kuma hadari ke iya tashin taron fili cikin minti biyar. Lokacinka na gaske shi ne bayan kaka da kuma bukukuwan Sallah biyu.

Shi ya sa kuɗin ƙofa ba zai riƙe ka shi kaɗai ba. Ruwan sanyi da lemo da gugguru da gyaɗa, ko kuɗin wuri daga mai tsire da mai shayi, sukan kai abin da tikiti ya bari. Wanda ya fi wannan shi ne mai ɗaukar nauyi. Dillalin taki, mai sayar da babura, makarantar kuɗi, wakilin kamfanin waya, duk suna neman inda jama'a suka taru su yi talla kafin a fara. Ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan rigakafi da lafiyar mata ma sun daɗe suna amfani da majigi a karkara. Zagayen ƙauyuka da kake tunani sai da irin wannan, domin a fili ba ka da katangar da za ka tsare ƙofa, ga kuɗin mota, ga hatsarin dawowa da kaya cikin dare. Idan wani ya biya kuɗin daren gaba ɗaya, kowa ya kalla kyauta, ka fita da ribarka tun kafin ka kunna inji. Idan babu shi, ka bar ƙauyukan tukuna.

Ga abin da zan yi da a ce ni ne kai. Zan ware abin da bai wuce 300,000 ba, kuɗin da ko sun tafi ba za su taɓa jarin hatsi ba. Zan yi hayar majigi da lasifika daga masu kayan biki, in yi amfani da janaretan da nake da shi, in ɗauki kwana uku na Sallah mai zuwa: kallon mata da rana, na maza bayan isha'i. Zan roƙi furodusa ya zo da ɗaya daga cikin jaruman a rana ta farko, in ɗauki nauyin motarsa da abincinsa. Zan buga tikiti mai lamba, in ajiye littafi in rubuta mutum nawa suka shiga kowane kallo, nawa aka kashe, nawa aka sayar na ci da sha. Rana ta uku ce za ta gaya maka gaskiya, lokacin da ɗoki ya wuce kuma jarumi ya koma Kano. Ka sake gwadawa sau biyu a ranakun da ba na biki ba, ɗaya a daren Juma'a bayan an tashi daga kasuwa. Idan littafin ya nuna riba a waɗannan, ka sayi majigi mai haske sosai wanda ake samun kayan gyaransa a Kano, ka bar sauran kuɗin a hatsi. Ka aiko mini da alƙaluman bayan Sallah mu duba tare.