Maganin rage cin abinci ya daina min aiki, in ƙara ƙwaya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 34, nauyina kilo 98, likitan da nake gani ya rubuta min fentamin don rage ƙiba. Satin farko ko tunanin abinci bana yi, amma yanzu ina sati na biyar yunwar ta fara dawowa ga rashin bacci. Zan iya mayar da shi biyu a rana? Sannan ƙanwata tana so in ba ta ta gwada.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Dan Allah kar ki ƙara, ko rabin ƙwaya kar ki ƙara a kan abinda aka rubuta miki, wannan shi ne na fi so ki riƙe a duk bayanin da zan yi.

Maganin nan da za ki ga an rubuta Phentermine a jikin kwali tsoho ne, tun 1959 aka amince da shi a Amurka, kuma ɗan'uwan amfetamin ne, wato ƙwayar nan mai sa kuzari da hana bacci, ta fuskar haɗi. Yanda yake aiki shi ne yana sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari irin wanda jiki ke saki lokacin da mutum ya firgita, kin san in kin tsorata ba ki jin yunwa, toh haka ne, amma sinadarin nan ba yunwa kaɗai yake taɓawa ba, yana sa zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, baki ya bushe, bacci ya gudu. Bayan 'yan makonni jiki yana sabawa da shi sai yunwar ta dawo, wannan sanannen abu ne ba wai naki ne ya lalace ba. In kika ninka ƙwayar, yunwar za ta ɗan lafa na kwana kaɗan ta sake dawowa, ita kuwa zuciya nauyin da kika ɗora mata yana nan, ga haɗarin jiki ya kamu da shi ya zama ba ki iya rabuwa da shi. Shi ya sa tun asali na ɗan lokaci ne, galibi ba ya wuce sati 12, kuma ƙa'idar da ke takardarsa ma ita ce in jiki ya saba a tsayar, ba a ƙara ba.

Rashin baccin kuma, ƙarfe nawa kike sha? Irin mai ƙarfin nan na miligiram 30 ko 37.5 da safe ake sha, kafin karin kumallo ko awa ɗaya zuwa biyu bayansa, in kika kai shi yamma kin sayi ido biyu da kuɗinki. Ki rage kofi da duk wani abin sha mai kafin, giya kuwa ba a haɗa shi da ita sam. In duk da haka bacci ya ƙi ki faɗa wa likitanki, akwai ƙaramin awo da zai iya mayar da ke kai.

Maganar ƙanwarki, a'a. Na san tausayi ne amma ke an auna jininki an yi miki tambayoyi kafin a rubuta, ita fa? Ana ba wa mai BMI (awon nauyi gwargwadon tsayin mutum) 30 zuwa sama ne, ko 27 in akwai ciwon suga ko makamancinsa, kuma ba a ba mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko wadda thyroid ɗinta (abin nan na wuya da in ya kumbura ake kira maƙoƙo) ke aiki fiye da kima, ko mai ciwon ido na gilakoma, ko mai ciki ko mai shayarwa. Akwai kuma wasu magungunan damuwa da ake kira MAOI waɗanda sai an yi kwana 14 da barinsu. Da yawa suna yawo da hawan jini ba su sani ba, wa ya tabbatar ita ba ta cikinsu?

Kuma kar ki haɗa shi da shayin rage tumbi ko kafso ɗin da ake tallatawa a intanet, an sha gwada irinsu a samu sibutiramin a ɓoye ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Shi kansa fentamin lokacin da ake haɗa shi da wani maganin rage ƙiba mai suna fenfuluramin mutane sun samu lalacewar ƙofofin zuciya, har aka janye fenfuluramin ɗin a 1997.

In kika ji ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa daga ɗan tafiya, ko ƙafa ta kumbura, ko jiri kamar za ki suma, ki ajiye shi ki tafi asibiti ranar, kar ki ce sai ranar da aka ba ki. Haka in al'adarki ta yi jinkiri, ki dakata ki yi gwajin ciki tukuna.

Makonnin da suka rage miki ki yi amfani da su ki saba da ƙaramin faranti da cin abinci a kan lokaci da tafiyar ƙafa, don ranar da aka tsayar da maganin yunwa za ta dawo yanda take. Ki riƙa rubuta nauyinki da awon jininki duk sati ki kai wa likita, in wata uku ya cika ba ki sauke kashi 5 cikin 100 ba, wajen kilo 5 kenan a gare ki, toh maganin bai karɓe ki ba sai ku duba wata hanyar tare.