Amsa: Da wane littafin gidan fatalwa zan fara?

Ƙanwata, kin tambaya da wanne za ki fara cikin tsofaffin littattafan Turawa na gidajen fatalwa, kuma wai labarin Amityville ya faru da gaske?

Na daɗe ina tsintar irinsu a wajen masu baza littattafan gwanjo a bakin titi, kuma bangonsu ya sha yaudarata. Mai ƙwarangwal a taga da rubutu mai ƙyalli, sau tari cikinsa fanko ne.

Amityville tukuna. Kisan gaskiya ne: a 1974 Ronald DeFeo ya harbe mutum shida 'yan gidansu a garin Amityville da ke jihar New York. Iyalan Lutz suka tare a gidan a Disamban 1975, suka fice bayan kwana 28, Jay Anson ya fitar da littafin labarinsu, The Amityville Horror, a 1977. Amma zancen ƙudaje da aljanin alade da littafin ya ce sun addabe su a gidan, lauyan DeFeo da bakinsa ya ce tare da su Lutz suka kitsa shi. Waɗanda suka zauna a gidan bayansu sun ce 'yan kallo ne kawai suka dame su. Rubutun ma ba armashi.

Ni da za ki bi tawa, Burnt Offerings na Robert Marasco za ki nema, na 1973. Mata da miji ne da zaman birni ya ishe su, suka samu hayar katafaren gida na hutun bazara a kan dala 900 kacal. Araha ba ta ado. Sharaɗin shi ne sau uku a rana a kai tiren abinci ƙofar wata tsohuwa a bene, wadda ba mai ganinta. Babu dodon da zai faɗo miki daga duhu. Gidan ne ke komawa sabo, busassun furanni na tohowa, mutanen ciki kuwa suna tsotsewa. Matar da suka kama hayar ce ta hana ni barci, yadda ta duƙufa goge kayan azurfar mutane har ɗanta ya fita daga ranta.

The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, 1959, ya fi duka iya zubi, sai dai Turancinsa na son natsuwa. Hell House na Richard Matheson kuwa akwai batsa, kada ki bar shi inda yara ke ɗauka.

In za ki saya, buɗe tsakiya a hankali, don gam ɗin ya bushe, yana ɓallewa kamar ƙuli-ƙuli. Ki duba shafin ƙarshe kafin ki biya. Na taɓa raba dare ina karanta wani littafin, ana gab da buɗe ɗakin ƙasa, ashe gara ta riga ni cinye sauran.