An fitar da 'yata daga gasar dawaki, mai lura da shinge tana kallo ba ta ce uffan ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne, a gidan dawaki na tashi, amma aiki ya kawo ni Ingila da iyalina. 'Yata mai shekara 15 ta shiga gasar dawakin nan mai zango uku (zangon nuna horon doki, na tsallake sanduna, da na daji inda ake tsallake kafaffun shingaye a fili), ajin da shingensa bai wuce santimita 90 ba. A zangon daji ta manta da shinge na 11, ta wuce ta tsallake na 12, aka fitar da ita. Dattijuwar da aka ajiye a bakin shingen tana gani, ba ta ce mata komai ba. Na je na same ta na yi mata magana da ɗan zafi, domin kuɗin shiga da muka biya ba kaɗan ba ne. Ita dai cewa ta yi in je tantin sakatariya. Uwargida ta ce na ba mu kunya. Shin ba aikin ma'aikatan nan ne su taimaki mahaya ba? Kuma wane ladabi ne ke tsakanin mahayi da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi haƙuri, amma a wannan karon uwargida ce ke da gaskiya. Dattijuwar nan ta yi abin da doka ta ce ta yi, kuma ba ma'aikaciya ba ce. 'Yar sa kai ce. Kuɗin da ka biya ya tafi ne wajen hayar fili, gina shingaye, likitan mutane da na dabbobi, motar asibiti da inshora. Ko kwabo bai shiga jakarta ba. Tun da asuba ta fito a motarta da man da ta saya da kuɗinta, ta zauna aka yi musu bitar dokoki, aka miƙa mata usur, oba-oba, agogon awon lokaci, jar tuta da takardun rubuta maki. Daga nan ta kai motarta gefen shinge ta kafe har yamma, ko da ruwa ko da iska, kuma ka san halin saman Ingila. Ladanta abincin rana a 'yar jaka, da shayi, wani lokaci da yankan kek. Yawancin irinta tsofaffin mahaya ne, ko manoman yankin, ko iyayen da 'ya'yansu suka taɓa hawa. Kowane shinge na bukatar mutum ɗaya ko biyu, ban da masu rubuta wa alƙalan zangon nuna horo, masu ɗaga sandunan da doki ya kayar a zangon tsallake sanduna, masu tsare mashigar 'yan kallo da masu jera motoci. Da a ce albashi za a biya su duka, kuɗin shiga sai ya gagari yawancin masu hawa a yau.

Shirun da ta yi shi ne ya fi ƙona maka rai, to bari in tsaya a kansa. A wannan wasa haramun ne wani na waje ya taimaki mahayi da zarar ya bar akwatin tashi, wato ɗan wurin da aka kewaye inda doki ke fara gudu. Nuna masa hanya, ko kiran lambar shingen da ya manta, ko gaya masa lokaci ya ƙure, duk taimakon waje ne, kuma hukuncinsa yakan kai ga fitarwa. Wato da dattijuwar ta ɗaga murya ta ce "kin manta da sha ɗaya," 'yarka ba ta tsira ba, an dai ƙara mata da wata rigima, an kuma zalunci yarinyar da ta gabace ta wadda ba wanda ya tuna wa komai. Asalin wasan gwajin sojan doki ne. Lokacin da ya shiga gasar Olamfik a birnin Stockholm a 1912, hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau, kuma abin da ake son gani shi ne ko mutum da dokinsa za su iya keta daji su kaɗai su kai saƙo. Wannan ruhi bai fita ba har yau. Shi ya sa ake buɗe hanyar tun kafin gasa, a bar mahayi ya zagaya ta da ƙafa, ya ƙirga shingaye, ya lura da launin lambar ajinsa, domin sau da yawa shingayen aji uku suna jere gefe da gefe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarinya ta zagaya sau biyu, sannan ta rufe ido ta karanto wa mahaifiyarta hanyar daga ɗaya har ƙarshe kafin a ɗaura sirdi.

Kai ma, Alhaji, ka kiyaye. Iyaye da yawa sun jawo wa 'ya'yansu fitarwa da bakinsu, suna tsaye a bayan igiya suna ihun "hagu, hagu!" Tafi da kirari ba laifi. Umarni ne ba a yarda da shi ba.

Akwai maganar da mai lura da shinge ya wajaba ya faɗa da ƙarfi. Idan doki ya turje a gaban shinge, zai sanar da mahayi cewa turjiya ta farko ke nan, wato makin tara 20. Ta biyu a shinge guda 40 ce, ta uku kuwa an fita, kuma shi ne zai ce wa mahayi ya bar hanya a hankali, ba da sukuwa ba. Idan wani doki ya taho a baya zai cim ma na gaba, shi ne zai ce wa na gaban ya kauce. In mahayi ya faɗi, shi ne mutum na farko da zai iso kansa. Ban da waɗannan, bakinsa a rufe yake.

Yanzu ka duba abin da ke gabanta a lokacin da ka je mata da magana. A ƙananan gasa, doki na fitowa daga akwatin tashi kusan kowane minti biyu, wani lokaci ƙasa da haka. A ajin 'yarka gudun da ake nema mita 450 ne a minti ɗaya, kilomita 27 a awa ke nan, a kan dabbar da ta kai rabin tan. Da ta hango doki ya ɓullo daga bayan itatuwa za ta busa usur don masu yawo da karnuka su ja baya. Za ta karanta lambar da ke ƙirjin mahayi yana cikin gudu. Za ta kafa ido a kan kofato, ta ga ko dokin ya ja da baya ko taku ɗaya ne, domin wannan takun shi ne tsakanin tsallake mai tsabta da maki 20. Za ta tabbatar ya bi ta tsakanin tutoci, ja a dama, fara a hagu. Sannan ta rubuta, ta danna oba-oba ta sanar da ɗakin lura, inda ake sa ido a kan duk hanyar, kafin ta ɗago kai wani ya taho. Duk daƙiƙar da ta juyo tana sauraronka, idonta ba ya kan ɗan wani da ke tunkarar gungumen itace. Cewa da ta yi ka je tantin sakatariya ba raini ba ne, ita ce amsar da aka koya mata, kuma ita ce daidai.

Mutanen wannan wasa ba su ɗauki aikin shinge da wasa ba saboda sun binne 'yan uwansu. A shekarar 1999 kaɗai mahaya biyar suka rasa rayukansu a zangon daji a Birtaniya, yawanci ta hanyar da doki ke bugun shinge da ƙafafun gaba ya wuntsila ya danne mai shi. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Hartington, ya fitar da rahoto a 2000, daga baya aka fara sa ƙusoshin da ke karyewa su saki gungume idan doki ya buge shi da ƙarfi. Tun lokacin kowace faɗuwa sai an cika mata takarda, kuma masu lura da shinge ne ke cikawa: ta ina dokin ya bugi shinge, da wane gudu ya zo, yaya ya faɗi. Daga waɗannan takardu ake gane irin shingen da ke kisa a gyara shi.

Jar tutar da ke hannunta ma don haka take. In an yi hatsari a gaba, ɗakin lura zai ce a tsayar da doki mai zuwa. Za ta danna agogo daidai lokacin da ya wuce wata alama da ta zaɓa tun da safe, ta fito fili da nisa kafin shinge tana kaɗa tutar ƙasa-ƙasa don kada dokin ya firgita. Mahayi ya ja linzami, ya yi ta zagaya da dokinsa har a share hanya, sannan a sake shi ya wuce alamar nan da gudu, a cire masa lokacin da ya ɓata. Ba mahayin da ke son wannan. Jini ya ɗau zafi, doki ya samu kari, a ce tsaya. Na sha ganin fuskoki sun murtuke a nan. Amma mahayin ba ya ganin abin da ke bayan tudu, ita kuwa ta ji a oba-oba cewa akwai mutum kwance da motar asibiti a kan hanya. Wanda ya ƙi tsayawa fitar da shi ake yi, kuma zai amsa tambaya a gaban shugabannin gasa. Dokar ba ta san girma ba. Gimbiya Anne, 'yar Sarauniya Elizabeth, ta ci kofin Turai a Burghley a 1971, 'yarta Zara ta ci na duniya a 2006, kuma a ƙarƙashin usur ɗin irin wannan dattijuwa suka hau. Kai da ka tashi a Katsina ka san haka a hawan Sallah: hakimi na bisa ingarma da alkyabba, amma in dogari ya ɗaga hannu ya ce a dakata, linzami ake ja, domin ba da bakin kansa yake magana ba.

Ba wai ba sa kuskure ba. Suna yi. Akan rubuta wa wani turjiyar wani, akan karanta lamba ba daidai ba. Amma ƙorafi yana da ƙofarsa. A gasar da ke ƙarƙashin British Eventing, hukumar da ke kula da wannan wasa a Birtaniya, mahayi zai je tantin sakatariya ya nemi ganin wakilin hukumar. Su ne za su ɗauko takardar shingen, su tambayi mai lura da shi a lokacin da ba doki a hanya, su duba bidiyo in akwai. Ana gyara maki ta wannan hanya, ba sau ɗaya ba. Sai dai lokacin ƙorafi gajere ne bayan an liƙa sakamako, don haka wanda ya tsaya cacar baki a bakin shinge yakan rasa damarsa ta gaskiya. Wani abin kuma da iyaye ba su cika sani ba shi ne halin ɗan rakiya a kan mahayi yake komawa. A gasar ƙasa da ƙasa, hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, da ke Lausanne tana ba da katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa kan rashin ɗa'a ga jami'an gasa, kuma wanda ya tara biyu cikin shekara ana dakatar da shi. Duniyar dawaki a kowane yanki ƙarama ce, fuskokin da ka gani a wannan gasa su za ka sake gani a ta gaba.

Sauran ladabin ba shi da wuya. In 'yarka ta iso filin ɗumama doki, ta fara zuwa wurin mai riƙe da allon sunaye ta faɗi lambarta, kada ta bari a yi ta nemanta. Ta san lokutanta. In za ta janye, ta sanar, don kada a tsaya jiran wanda ya riga ya loda dokinsa a mota. In aka ce a duba kwalkwalinta ko rigar kare ƙirji ko linzami, ta tsaya a duba, kuma in an ce kwalkwalin ba shi da alamar tantancewa, to ba ya shiga, ko nawa aka saye shi. A cikin fili, in ta haɗu da wani gaba da gaba, hagu da hagu ake wucewa. Shingen gwaji ana tsallake shi ne da jar tuta a dama, ba ta baya ba. Dokin da aka ɗaura wa jan ƙyalle a wutsiya mai harbi ne, a ba shi wuri. In abu ya ɓaci, kada ta huce a kan dokin da bulala ko kaimi, domin wannan ma aikin masu lura ne su kai rahoto. Sannan godiya. Manyan mahaya da yawa, mai ƙirga daƙiƙu na cewa "uku, biyu, ɗaya, tafi," suna fita suna jefo masa "na gode." Haka in an fitar da su, sukan ce wa mai shinge sun gode kafin su juya.

Su ma 'yan sa kan akwai hakkin mahayi a kansu, kuma ina faɗa musu a duk bitar da na samu kaina a ciki. Riƙe oba-oba ba sarauta ba ce. Wanda ke shirin tunkarar shingayen da ba sa faɗuwa cikinsa a ɗure yake, in ya amsa a gajarce ba lalle rashin kunya ba ne. A yi magana da murya mai fita amma ba tsawa. Kada a tsaya a gaban shinge, kada a buɗe lema daidai lokacin da doki ya taho, kada a bar kare yana haushi a mota. In yarinya ta fita tana kuka, kalma ɗaya mai sanyi ta isa, ba wa'azi ba. In kuma wani ya zo da zagi, kada a rama, a rubuta lambarsa a sanar da ɗakin lura.

Abin da zan ba ka shawara a kai, ka rubuta wa mai shirya gasar gajeren saƙo, ka faɗi rana da lambar shingen, ka roƙi a isar wa dattijuwar da ban haƙurinka. Suna da jerin wanda ya zauna a kowane shinge, saƙon zai kai. A ƙasan saƙon ka ce a sa sunanka cikin masu lura da shinge a gasa mai zuwa. Ba a neman takardar shaida, kuma sabon shiga ana haɗa shi da wanda ya saba. Ka gaya musu lambar 'yarka tun da wuri don su ba ka ranar da ajinta ba ya hawa. Ka tafi da rigar ruwa, kujerar naɗewa da fulas ɗin shayi, ka kuma isa kafin a fara bita, domin wanda bai ji bita ba ba a ba shi shinge.