Tabarau mai tace haske: gwada kafin ka biya

Tambaya: Ni direba ne a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Ƙyallin kwalta da tsakar rana yana sa idona hawaye. Tabaran da ake rubuta wa "Polarized" yana da amfani?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam direba. Yana da amfani in na gaske ne. Hasken rana yana kaɗawa ta kowace fuska, amma in ya daki kwalta ko ruwa ya dawo, mafi yawansa a kwance yake kaɗawa. Wani Bafaranshe, Malus, shi ya gano haka a 1808. A cikin gilashin akwai siririn fallen roba mai tare na kwancen, ya bar sauran ya wuce.

Amma fa a nan ake cin kuɗin mutane, kuma abin yana ƙona mini rai. 'Yar takardar da aka manna a gilashi ba shaida ba ce, kowa na iya buga ta. Ni kaina na taɓa sayen guda a tasha, mai kyan akwati, na zo gida na tarar baƙin fenti ne kawai. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ɗauki tabarau biyu, ɗora ɗaya kan ɗaya, ka juya guda a hankali. Lissafin Malus ya nuna in ka karkata shi digiri 45, rabin hasken da ya ratsa na farko ne zai wuce, a digiri 60 rubu'i, a digiri 90 sai ya yi baƙi ƙirin. In guda ɗaya ne a hannunka, juya shi a gaban allon kwamfuta ko kalkuleta. In bai dushe ba, ajiye wa mai sayarwa kayansa. Mai kayan da ya hana ka gwadawa ya riga ya gaya maka gaskiya.

Sannan tace ƙyalli daban, kare ido daga hasken rana mai cutarwa daban. Nemi mai alamar UV400, wato mai tare wannan hasken mai cutarwa, kuma a wurin masu gilashin ido na asibiti. Baƙin gilashin da ba shi da wannan kariyar yana sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, cutar ta ƙara shiga.

Tambaya: In na sa nawa sai in ga launuka kamar bakan gizo a gilashin mota. Idona ne ya soma lalacewa?

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, idonki lafiya lau. Gilashin gefe da na baya ana gasa su ne a sanyaya da sauri, sai matsi ya saura a jikinsu. Haske ba ya ratsa irin wannan gilashi da gudu ɗaya, yakan rabu biyu, kamar yadda Bartholin, wani masani ɗan Denmark, ya gani a dutsen kalsait mai kama da gilashi a 1669. Launukan ma alama ce naki na gaske ne.

Tambaya: Ina aikin kammala digiri kan lissafin wannan hasken. In sayi manhaja mai tsada?

Amsa: Kada ka soma, ƙanena. Manhajar Python kyauta ce, NumPy da ake lissafi da ita a cikinta ma haka. In haskenka tatacce ne gaba ɗaya, wato duk kaɗawarsa a tsari ɗaya take, lissafin Jones na 1941 ya ishe ka, jadawali ne biyu sau biyu. In a gauraye yake, koma ga na Mueller, huɗu sau huɗu. Kuɗin ka sayi fallen tace haske biyu da salatif, ka manna salatif ɗin tsakaninsu, ka gwada abin da idonka ya gani da abin da ka lissafa.

Tambaya: Zan iya tuƙi da shi da dare don fitilun manyan motoci?

Amsa: Haba! Gilashin da ke cinye sama da rabin haske za ka sa cikin duhu? Cire shi tun kafin magariba.