Digiri na biyu ko aikin sashen kati a asibiti?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin kwamfuta, ka gama bautar ƙasa, kuma kana son shiga harkar manhajar lafiya amma ka rasa ko ka wuce mastas ko ka karɓi aikin da aka ba ka a sashen kati na asibiti. Ka karɓi aikin, mastas ɗin na nan yana jiranka. Idan ka shiga ka dage sosai da SQL, wato yaren da ake ciro bayanai da shi daga rumbun bayanai na kwamfuta, ka koyi tsarin DHIS2 tunda da shi ake tattara bayanan lafiya a Najeriya, sannan ka sauke OpenMRS, tsarin ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, kyauta ne, ka riƙa wasa da shi da daddare.

Dalilina shi ne abin da ya faru da ni a wani asibiti, na zauna na gina fom mai kyau a kwamfuta wallahi har ina alfahari da shi, sai na tarar nas ɗin awon ciki ta koma rajistarta ta takarda, ga mata cike da benci suna jira ga wuta an ɗauke, fom ɗina kuma sai an cike gurbi ashirin kafin ya yarda ya ajiye. Sati biyu na yi a gefenta ina kallo kafin na gane me ya kamata in cire. Sharaɗi ɗaya dai, kafin ka sa hannu ka tambaye su ko za su bar ka ka taɓa tsarin bayanan da kanka, don in gyaran firinta kawai za a riƙa kiranka, kar ka wuce shekara ɗaya a wurin.