Abba, shiga madafi ba ya rage maka komai

Abba na ga saƙonka tun jiya, na bari ne sai na samu nutsuwa. Ka ce tunda maiɗakinka ta haihu kuma kuna can nesa ba kowa kusa, kai kake ɗora tukunya da safe, abokanka sun saka ka a gaba wai ka zama mijin ta ce, ga kuma malaminku na jami'a yana cewa halittar mace da namiji daban, ayyukan da jama'a suka ɗora wa kowanne daban, shine kake tambayar goggonka ko maganar Turawa ce kawai.

Toh wannan ɓangaren dai ba ta Turawa ba ce, abu ne da duk wanda ya ɗan yi tafiya ya gani da idonsa. Halitta ta Allah ce, mace ke ɗaukar ciki ta haihu ta shayar, ba garin da za ka je ka tarar an juya wannan. Amma wa zai yi rini, wa zai yi saƙa, wa zai rufe fuska, wannan kowane gari da yadda suka tsara abinsu, kuma ko a gari ɗaya ma yana canzawa kana raye.

Ka je Ƙofar Mata a Kano ka tsaya bakin marina, duk maza ne, hannunsu shuɗi har gwiwar hannu, suna tsoma yadi a baba suna ɗagawa iska ta buge shi su sake tsomawa. Ka gangara Abeokuta kasuwar Itoku inda ake adire, can mata ne da sana'ar, uwa ta koya wa 'yarta. Rinin dai shi ne, babar ita ce, wa ya yi kuskure a cikinsu? Mu nan da muka taso kaɗi na mata ne, ba za ka taɓa ganin namiji da mazari ba, amma allura ta maza ce, malamai da almajirai ke zama a zaure suna aikin babbar riga da hula, alhali a Ingila ɗinkin ado da allura an fi saninsa da mata. Kuma ka duba yanzu, a birnin Zariya tun wajen shekarun 1970 zuwa 1980 mata suka karɓi aikin riga a cikin gida, da shi suke wa 'ya'yansu kayan ɗaki, ba wanda ya ce sun zama maza. Mai shayi da mai tsire da mai wanki da guga fa? Duk girki ne da wanki, amma don ana biyan kuɗi ba wanda ke musu dariya, sai wanda ya yi wa matarsa mai jego don Allah shi ne abin tsokana, wallahi wannan yana ɓata min rai.

Abzinawan Agadas kuwa namiji ne ke rufe baki da hanci da rawani, in yana gaban surukansa ma ya ƙara ja sama don kunya, matan fuskarsu a buɗe, kuma tantin da ake zama ciki na matar ne, in aure ya mutu ita ke tafiya da abinta. Musulmi ne fa kamar mu. Bororo wajen Ingal lokacin gerewol samari ne ke shafa kwalli da jan ƙasa su jera suna rawa, 'yan mata su zaɓa.

Akwai wadda ta fi wannan nisa. A ƙasar Igbo an yi wata mata Ahebi Ugbabe a Enugu-Ezike, Turawan mulki suka ba ta sarauta a 1918, daga baya Attah na Igala ya naɗa ta sarki sukutum, kujerar da a wajensu ta maza ce. A al'adarsu mace mai dukiya tana iya biyan sadakin wata mace don 'ya'yan da za a haifa su zama na gidanta, ita ma ta yi haka, maganar magada ce da suna. Amma ranar da ta ce za ta fito da nata dodon, wato mai shigar rufe jiki da fuska a bikin al'adarsu wanda na maza ne kaɗai, dattawan garin suka ƙwace shi suka ce nan kam ba ta isa ba, har ta rasu a 1948 ba su yarda ba. Kaga su da kansu sun san kujera daban halitta daban, sun ba ta kujerar amma ba su manta mace ce ba. Ban ce maka mu ɗauki wannan ba, mu a addininmu nasaba ta uba ce kuma aure tsakanin mace da namiji ne, ina nuna maka ne yadda mutane ke raba abin.

Mu ma muna da namu. Nana Asma'u 'yar Shehu da ta rasu a 1864, da ta tsara 'yan taru, wato tsarin karantar da mata, jajin (shugabar tawaga) da za ta shiga ƙauyuka ta karantar da mata sai ta ɗora mata malfa ta naɗa mata jan rawani, kowa ya ganta ya san malama ce mai izini. Malaman Sakkwato na raye a lokacin.

Inda nake so ka riƙe da kyau shi ne iyakar addini, don nan ne yara ke ruɗewa su haɗa komai wuri ɗaya. Hadisi ya zo a Buhari an la'anci namijin da ke kwaikwayon mata da macen da ke kwaikwayon maza, wannan gaskiya ne, in malamin naku ya kai ga cewa mutum shi ke zaɓar ko shi mace ne ko namiji to a nan mun rabu da shi. Amma a Buharin nan dai aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. A wata ruwayar ma har ɗinke tufarsa yake ya gyara takalminsa. Abokan naka su suka fi shi mazantaka ne?

Sai maganar ƙanwarka da ka saka a ƙarshe, cewa tana so ta koyi gyaran waya babanku ya ce ba aikin mata ba ne. Gyaran waya yaushe ma ya zo da har za a ce kakanni sun raba shi? Mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu da hotunansu ga namiji a kasuwa, in ta iya ciniki har gida zai same ta. Abin dubawa kawai wa zai koya mata, a ina, kuma ƙarfe nawa take dawowa. Kar ka yi masa gardama kai, yayana ne na san halinsa, ka bar min shi zan kira shi bayan sallar Juma'a.